Damina Ɗaya Tawa, Ɗaya Tasa

A kan benci muka ƙulla yarjejeniyar, bayan ɗakin gwaje-gwajen asibitin da nake aiki a Birnin Gwari, muna ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ni da abokina ne da muka yi jami'a tare. Shi ya zauna can ya zama malami, a ƙarƙashinsa akwai na'urorin da ke tona cikin ƙwayar cutar maleriya. Ni na dawo gida, abin da nake da shi madubin duba jini ne, da babur, da marasa lafiya. Tambayarmu ɗaya ce: maganin zazzaɓin da ake bai wa yara yana nan da ƙarfinsa, ko ƙwayar cutar ta fara raina shi? Ni zan ba yara magani in riƙa duba jininsu har su warke, in ɗiga jinin a takarda in busar in aika masa, shi ya yi nasa gwajin. Kowace damina mu fitar da maƙala ɗaya.

A sana'armu maƙala tana iya ɗaukar sunaye goma, amma na farko kawai ake kira. Sauran duk ana tattara su a ce "da abokan aikinsa". Don kada wannan ya raba mu, muka ce mu yi irin ta gayya, bana a gonata, baɗi a tasa. Wanda daminar ta faɗo kansa, sunansa ne a gaba, ko me jinin ya nuna.

Ni na zaɓi ta farko. Na girme shi da 'yan watanni, kuma na fi shi buƙata. Ina digiri na uku a lokacin, kuma dokar sashenmu ita ce ba za a saurari ɗalibi ba sai yana da maƙala da sunansa a gaba, a mujallar da suke ganin girmanta. Wa'adin da aka ba ni kuma ya fara tafiya. Shi tuni ana ce masa Dakta. Ya yi dariya ya ce, "Ɗauka mutumina, ai babba shi ke fara sa hannu."

Daminar farko yaran duka suka warke. Duka, wallahi. Ka ba yaro magani, ka duba jininsa a rana ta uku, ka same shi fes. Iyaye mata suna ta sa mini albarka, har da masu kawo mini ƙwan zabi. Muka rubuta cewa magani yana aiki, muka aika wa babbar mujalla, suka amsa cikin ladabi cewa wannan ba labari ba ne. A ƙarshe wata 'yar mujalla ta buga, wadda da na kai wa malamina ya juya ta gaba da baya ya ce sashe bai san da ita ba.

Damina ta biyu tasa ce, kuma ita ce wadda na fi shan wahala. Hanyoyi sun lalace, ba ta laka kaɗai ba. Kafin in nufi ƙauyen Kazage sai na tambayi masu acaba ko an ga mutanen daji masu bindiga a ranar, in tuɓe farar rigata in cusa cikin buhu don kada a ɗauke ni wani babba. Haka na tara jinin. Sai ga na'urarsa ta hango wani ɗan sauyi a jikin ƙwayar cutar, irin wanda masana ke sa wa ido don yana iya zama farkon jurewa magani. Yaran sun warke, amma alamar tana nan. Mujallar da ta kore ni ita ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Daga nan fa abin ya fara cina. Aka gayyace shi taro ƙasar waje. Ya turo mini hotonsa cikin ƙatuwar rigar sanyi, yana tsaye gaban allo, a bayansa taswirar ƙaramar hukumarmu da dajin Kamuku an shafa masa kore. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa kwana a Birnin Gwari ba, in ya zo da hantsi la'asar ta yi masa a hanyar Kaduna. Na buɗa hoton da yatsa har na gano sunana a kan allon, na biyu, ƙanana-ƙananan haruffa. Matata ta leƙo ta ce, "Kai, Dakta ya yi kyau." Ban ci tuwon daren nan ba, na ce mata ciki ne ke damuna.

Da ya dawo ya kawo mini tsaraba, kofin shayi mai zanen sauro a jiki. Na karɓa na yi godiya har da dariya. A ciki kajina suke shan ruwa. Kuma abin haushin, bai yi mini laifin komai ba. Ya bi yarjejeniya daidai, a kowane taro sai ya ambaci cewa ni ke shiga daji. Na so ƙwarai ya cuce ni ko yaya, in samu abin kai ƙara, ya ƙi. Ƙyashi ne zalla, na san sunansa, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Damina ta uku ta dawo kaina, ita ce kuma ta ƙarshe kafin wa'adina ya cika. Cikinta wata Bafulatana ta kawo 'yarta daga wata ruga da suka sauka a gefen daji, jiki kamar garwashi. Na ba yarinyar maganin safe a gabana. A ƙa'ida kowane sha a gaban ma'aikaci ake yi, amma ba mai yarda ya kai yamma a gari da hanya irin tamu, don haka na yamma nakan ƙulla wa iyaye su tafi da shi. Rana ta uku na sa gilashin jininta a madubi, sai ga ƙwayoyin cuta suna nan daram. Bayan 'yan kwanaki aka kawo wani yaro daga rugar, shi ma haka. Sai kuma wani.

Yara uku, ruga ɗaya, magani ya kasa share jininsu. Wannan ba alama ba ce a cikin na'ura, abin ne da kansa, kuma a daminata. Na sake wa yaran magani, wannan kam ban yi wasa da shi ba, amma ina yi zuciyata tana rawar murna. Har na fara tunanin irin rigar sanyin da zan saya. Na kira abokina.

"Dakta, bana fa Allah ya kawo nawa rabon."

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Masha Allah. Amma mutumina, na yamman, ka ga sun haɗiye da idonka?"

Na ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi. Na ce a raina, ga shi nan, shi ma ashe yana da ciwon. Na ce masa uwar mai hankali ce, ba ta wasa da magani. Ya ce to, amma in daure in je in gani, don masu tace maƙala tambayar da za su fara yi ke nan. Na kashe waya ina huci. Washegari na hau babur, ba don ya faɗa ba, sai don in dawo in rufe masa baki.

Na tarar da rugar ana shirin tashi, an fara kwance bukkoki, shanu sun yi gaba. Uwar yarinyar ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo kindirmo a ƙwarya. Yarinyar tana can tana bin ɗan maraƙi da gudu. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, maganin yamman nan da nake ba ki, yaya kike ba ta?"

"Ina ba ta, likita. Ina ba su duka."

"Su wa?"

Ta nuna yaran da suka kewaye babur ɗina, nata da na matan 'yan'uwan mijinta. Ta ce ai zazzaɓin ba ɗaya ya kama ba, wanda ya fi jin jiki kawai ake iya ɗauka zuwa gari. "Yaya zan ba ɗaya magani, ɗan'uwansa yana kwance yana kallo? Mu ba mu yin haka. Abin da ya shigo ruga na yara ne duka." Sai ta kwance bakin zanenta ta nuna mini gutsattsarin ƙwayoyin magani, rabi-rabi da kwata-kwata, an fasa su da kyau da bakin wuƙa. Waɗannan kuma na hanya ne, in ji ta, don inda za su babu asibiti.

Na zauna da ƙwarya a hannu. Maganin lafiyarsa lau, ba a dai sha shi ba ne. Na yi mata bayani iya yina, cewa rabin magani shi ke koya wa cutar taurin kai, na duba sauran yaran na ba kowa nasa cikakke daga abin da na zo da shi. Ta yi ta godiya. Ni kuwa a hanyar dawowa ko tsoron daji ban ji ba, saboda baƙin ciki.

Da na gaya masa, bai ce ai na faɗa maka ba, wanda da ya faɗa da na samu sauƙi. Sai ma murna ya kama yi. Ya ce wannan rabon maganin shi ne maƙalar, don ta irin wannan hanya juriya ke farawa, kuma ba kowa ke da ƙafar shiga ruga ya gani ba. Amma sai mun nemi sabon izini daga kwamitin da ke kula da bincike a kan mutane, mu bi rugage da ƙauyuka mu yi tambaya yadda ya kamata. Kafin izini ya fito ruwa ya ɗauke, makiyaya sun tafi. Aikin ya faɗa damina ta huɗu. Kowa a cikinmu ya iya lissafi, ta huɗu tasa ce.

Na roƙi sashe suka ƙara mini shekara ɗaya, suka ce ita ce ta ƙarshe. Na yi aikin daminar nan kamar mai noma gonar wani. Kuma ya yi kyau, haushin ke nan, ya fi duk abin da muka taɓa yi kyau. Da ya turo mini rubutun farko in duba, sai na ga sunana a gaba. Na ɗauka kuskure ne, na kira shi.

"Ba kuskure ba ne," in ji shi. "Kai ka gano abin, kuma kai ke da wa'adi. Ni ina da wasu guda biyu da za su fito bana."

Wasu guda biyu. Ya faɗe shi kamar mai cewa akwai sauran tuwo a tukunya. Na so in ce ya riƙe abinsa, yarjejeniya yarjejeniya ce, har na buɗe baki. Sai na tuna shekarun da na zuba a digirin nan da yaran da nake ciyarwa. Na ce na gode.

Babbar mujalla ta buga, sashe ya saurare ni, yau ni ma Dakta ake ce mini a asibiti. Ya zo walimar da kansa, har ya kwana, ya tashi ya yi jawabi mai daɗi mutane suna tafi, ina zaune ina jin ana cewa samun aboki irin wannan sai an dace. Gaskiya suka faɗa. Maƙalar tana rataye a ofishina cikin gilashi, sunana a gaba da manyan haruffa, kuma duk ranar da na ɗaga kai na dube ta, nasa nake fara karantawa.