Mai Amsa Na Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya Mai Alli yana ɗinka mini kaya, ban taɓa ganin ya rubuta awona a takarda ba. Shagonsa shi ne na uku in ka shigo layin teloli daga bakin titi. Ɗaki ne ƙarami. Teburin yanka yana jikin taga, keken ɗinki na ƙafa yana tsakiya, sai bencin baƙi da wani madubi mai tsaga a kusurwar hagu. Guntun allin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa shi ya jawo masa sunan, har matarsa da shi take kiransa.

Mu da muka yi makarantar mishan an koya mana cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Don haka na sha yi masa faɗa a kan ya sayi littafin awo kamar sauran teloli. Sai ya yi dariya, ya buga goshinsa da yatsa.

"Malam, littafi gara ke ci. Nan gara ba ta shiga."

Gaskiyarsa ce. Mutum zai yi shekara biyar bai zo ba, yana sa ƙafa a shagon Mai Alli zai ce masa, "Kafaɗa goma sha takwas, hannu ashirin da huɗu. Tumbin nan ne kawai ban san shi ba."

Kusa da shi a da akwai mai gyaran agogo, wanda ya rasu ya bar 'ya ɗaya. Tun tana rarrafe take shiga ƙarƙashin teburin yanka tana tsintar guntayen yadi, shi ya sa Mai Alli ya sa mata Ƙyalle. Yau ta ba arba'in baya, tana da 'ya'ya uku, tana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri, amma a layin nan Ƙyalle ce, ita kuma Baba take ce masa. Da ta koma jami'a neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, ranakun Asabar take zuwa aji. Shekara uku ta yi tana fama. Da aka zo kan kundin bincike, sai ta zaɓi tambayar da ta tashi a cikinta: me ke sa mutum ya manne wa mai ƙaramar sana'a ɗaya har tsufa? Ta yi hira da teloli ashirin.

Ina zaune a bencin baƙi ranar da ta kawo wa Mai Alli takardar amincewa. Ta karanta masa a hankali, ta ce ba za a sa sunan kowa a kundin ba, shi za a kira shi mai amsa na bakwai.

"Na bakwai?" in ji shi. "Ƙyalle, ni da na ɗinka miki rigar makaranta ta farko? A gidan yari ake ba mutum lamba."

"Ƙa'ida ce, Baba. Don ka faɗi abin da ke ranka ba fargaba."

"To ko na ɗaya ba za ki ba ni ba?"

"Jerin ranakun hira na bi."

"Kin ji, Malam? An yi boko an mai da ni bayan mai ɗinkin labule."

Ya dangwala yatsa yana gunaguni. Ni kuma na tashi na ba su wuri.

Bayan wata shida ta kawo mini kundin, shafi ɗari da goma sha huɗu, ta ce in duba mata waƙafi da aya, don ta san tsohon malami ba ya ƙyale su. Na fiƙe fensir na zauna. Ina cikin babi na huɗu, a shafi na tamanin da biyu, fensirin ya tsaya. An rubuta cewa mai amsa na bakwai yana riƙe da awon mutum fiye da ɗari uku a kansa. An kuma rubuta cewa shekara huɗu ke nan idonsa ya daina ganin lambobin tef. Yana rataya tef ɗin a wuya ne don masu zuwa su gani, amma da tafin hannu da taƙi yake awo. Kowace safiya matarsa ke zura masa zare a allurai goma, ta jera su bisa launi, daga fari zuwa baƙi, don ya gane su da ƙirge. Ya ce in layin ya sani, rabin mutanensa za su watse.

Na tuna yadda a 'yan shekarun nan yake daɗewa da hannu a kafaɗata, ina tsammanin tsufa ne ya sa shi son taɓa mutane. Na gyara waƙafi biyu a shafin, na juya. Ban gaya wa kowa ba, har ita.

Ranar kare kundin Talata ce, ƙarfe goma na safe. An yarda 'yan rakiya su zauna a baya, muddin ba za su yi magana ba. Muka je ni da mijinta da Mai Alli, ga kuma teloli biyu na layin da suka rufe shago suka biyo mu, Dogo da mai ɗinkin labule. A gaba akwai dogon tebur da koren ƙyalle, da butar ruwa, da malamai biyar. Na tsakiya shi ne shugaba. A damansa baƙon malami ne da aka gayyato daga wata jami'a don ya jarraba ta, mutum mai tsawo cikin kwat ruwan toka.

An ba ta minti ashirin, ta gama a goma sha tara. Aka tambaye ta dalilin zaɓen mutum ashirin ba hamsin ba, ta amsa. Wata malama ta nuna mata jadawalin da ba shi da take, ta karɓi gyara. Sai baƙon ya buɗe inda ya naɗe kunnen takarda.

"Malama, shafi na tamanin da biyu. Aikinki ya yi kyau, amma kusan duk hujjarki a kan wannan mutum ta tsaya. Tela da ba ya ganin tef, yana riƙe awo ɗari uku a ka? Na daɗe ina wannan aiki, na ga ɗalibai da suka ƙirƙiri mai amsa don labari ya yi daɗi. Ban ce kin yi ba. Ki faɗa wa kwamiti sunansa da inda yake a tabbatar. In ba haka ba, a cire babin, ki sake tattara bayani ki dawo baɗi."

Na ji Dogo ya matso kusa da mai ɗinkin labule yana raɗa, "Wane ne wannan a cikinmu?"

Ƙyalle ba ta waiwayo ba.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. A takardar da na ba su na rubuta cewa ba zan faɗa wa kowa ba, har da malamaina."

Malamar da ta kula da bincikenta ta dafe kai. Ashe ƙa'idar jami'a ba ta hana kwamiti sani ba, Ƙyalle ce ta ƙara wannan layin da hannunta don tsofaffin su saki jiki, ba wanda ya lura.

"Kuskurenki ne," in ji shugaba.

"Kuskurena ne. Amma da shi suka yarda suka yi magana. In sai an cire babin, a cire, zan dawo baɗi."

Wata shekara guda ce ta barin yara kowace Asabar, amma ta faɗe ta kamar tana faɗin ƙarfe nawa.

Sai na ji benci ya motsa. Mai Alli ya miƙe, ya dafa kafaɗata ya fita daga layin kujeru.

"Baba, 'yan rakiya ba sa magana," in ji shugaba.

"Ba magana zan yi ba, ranka ya daɗe. Awo zan yi."

"Baba, don Allah ka zauna," in ji Ƙyalle.

"Ke kin cika naki. Bar ni da nawa."

Ya lallaba ya isa teburin, ya cire tef daga wuyansa ya miƙa wa malamar da ke kusa, ya roƙi baƙon ya tashi tsaye. Mutumin ya dubi shugaba, ya miƙe. Mai Alli ya rufe ido, ko da yake bai buƙaci rufewa ba. Ya bi kafaɗunsa da tafin hannu, ya gangara zuwa wuyan hannu, ya zagaya ƙirji.

"Kafaɗa goma sha tara. Hannu ashirin da biyar da rabi. Ƙirji arba'in da biyu. Kwat ɗin nan kuma ba don kai aka yanka ta ba, tana ja maka a hammatar dama."

Malamar ta gwada da tef. Kafaɗa daidai, hannu daidai. A ƙirji ta ce arba'in da biyu da kwata.

"Numfashi ya ja," in ji Mai Alli. "Sake shi, ranka ya daɗe, ba a ɗinka wa mutum riga yana fushi."

Baƙon ya fashe da dariya, ɗakin ya biyo shi. Dogo ne kaɗai bai yi ba, yana kallon tef ɗin da ya daɗe yana gani a wuyan maƙwabcinsa. Aka fitar da mu duka don kwamiti ya yi shawara. A baranda Ƙyalle ta durƙusa gaban tsohon tana kuka, shi kuma yana shafa kanta yana cewa ta tashi kada ta ɓata gwiwar zanenta. Bayan kwatan awa aka kira ta. Ta ci, da ƙananan gyare-gyare, babi na huɗu yana nan yadda yake.

Kafin mako ya zagayo layin duka ya ji. Wasu daga cikin mutanensa sun ɗauke ƙafa, ba zan ɓoye ba. Ba su kai rabi ba, amma akwai waɗanda rashinsu ya yi masa ciwo. Dogo kuwa ya fara leƙowa da safe, wai aron almakashi, sai ya tsaya ya duba masa ko launin zare ya dace da yadi.

Ni ma na je da yadi huɗu na farin ƙyalle. Mai Alli ya amsa gaisuwata, sai ya tambaye ni.

"Kai ka duba wa Ƙyalle rubutun, ko?"

"Ni ne."

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata uku ke nan."

Ya jinjina kai. Ya kai hannu wuyansa don ɗauko tef kamar yadda ya saba yi a gabana, sai ya fasa, ya cire shi ya rataya a ƙusa. Ya ɗora tafukansa biyu a kafaɗuna, ya zagaya wuyana da yatsu.

"Malam, ka ragu da rabin inci. Ba ka cin abinci. Juya in ga bayan."