Malama Asama'u, Mai Hana Ɗalibai Taimako

Duk safiya, kafin 'yan makaranta su cika titin Ƙofar Gayan, akan ga wata mata gajeruwa mai farin gilashi tana fama da cusa ƙatuwar jakar buhu cikin keke napep. Masu keken sun daina tambayarta abin da ke ciki. Buta ce, da igiya, da cokula waɗanda aka naɗe ƙotarsu da robar tayar keke, da wata tsohuwar riga mai manyan maɓallai. Baƙo zai ɗauka kayan gwangwan take kaiwa kasuwa. Jami'a za ta. Sunanta Malama Asama'u Sabo, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da wani abu tana koyar da sana'ar da har yau iyayen ɗalibanta ba su iya faɗin sunanta ba.

Sunan a turance dogo ne, shi ya sa a gidajen biki iyaye mata suke taƙaita shi su ce 'yarsu likitanci take karantawa. Aikin kuwa shi ne: idan ciwo ya kayar da mutum, likita ya yi nasa ya sallame shi, sai a sami mai koya masa yadda zai sake kai loma bakinsa, ya sa rigarsa, ya yi alwala, ya koma sana'arsa da abin da ya rage masa na jiki. Ba a naɗa wa kowa sarauta a kan wannan, kuma ba a taɓa jin mawaƙi ya ambaci mai yin sa ba.

Sashen da take koyarwa yana da ɗakin gwaji mai kyau. Akwai bahon wanka irin na otal, da masai na zama, da teburin cin abinci an jera wuƙa da cokali mai yatsu. An sayo su da kyakkyawar niyya, suna nan kuma da tsabtarsu, don ba su cika haɗuwa da mara lafiya ba. Malama Asama'u takan koyar da darasin ɗakin yadda littafi ya ce, saboda yana fitowa a jarrabawa. Ranar Alhamis kuma sai ta kwashi 'yan ajin ƙarshe ta shiga da su cikin gari, Kusfa da Ƙofar Gayan har zuwa gindin Kufena, gidajen da mara lafiya yake kwana a tabarma, yake ci da hannu, kuma bayan gidansa na tsuguno ne a can ƙarshen tsakar gida.

A nan ne take gamuwa da babbar matsalar ɗalibanta, wato tarbiyya. Yaran nan an rene su a kan cewa babba ba ya miƙa hannu ga moɗa kana zaune. Su kuma sun zo koyon aikin da rabinsa tsayawa ne kana kallon tsoho yana kokawa da maɓallin rigarsa, ba ka taɓa ba. Iyaye sun yi shekara ashirin suna gina ladabi, ita kuma an ba ta zango biyu ta koya musu inda ladabin yake cutarwa.

Wanda ya fi tsaya wa mutanen Kusfa a rai shi ne labarin Hajiya Mariyamu, wadda duk unguwa ke kira Iya. Dattijuwa ce da ta riƙe babban gida da murya ɗaya, har hawan jini ya shanye mata ɓarin hagu. Da aka sallamo ta daga asibiti, 'ya'yanta suka nuna wa duniya yadda ake biyayya. Ana ba ta abinci a baki, ana yi mata wanka, ana juya ta, matan 'ya'yanta suna karɓa-karɓa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fita yana sa wa gidan albarka.

Sai Iya ta daina shan ruwa. Tuwo takan taɓa kaɗan, amma ruwa da kunu da shayi sai ta kau da kai. Leɓunanta suka tsage. Aka yo rubutu daga wajen malamin da ta fi yarda da shi, ta sa albarka ta ce a ajiye. Likita ya gaya wa babban ɗanta, Alhaji Mubarak, cewa in aka ci gaba a haka ƙoda ce za ta tsaya, kuma wannan karon ba lallai a dawo da ita gida da ƙafarta ba.

Ɗalibar da aka ba gidan ita ce Radiya, 'yar layin baya, wadda Iya ta je sunanta. Makonni tana zuwa, tana durƙusawa ta gaishe ta, ta gyara mata filo, ta matsa mata ƙafa. In Iya ta motsa hannu wajen carbi, kafin hannun ya isa Radiya ta miƙa mata. Gidan ya ƙara samun mai hidima guda, kyauta, da farar riga.

Ranar da Malama Asama'u ta zo duba aikin ɗalibarta, ta zauna ta yi kallo. Can ta roƙi matan gidan su ba su wuri. Ta bar Radiya a bakin ƙofa, ta ja kujera 'yar tsuguno ta matso kusa da gadon.

"Iya, zan yi miki tambayar rashin kunya."

"Ku 'yan boko ai kun saba. Yi."

"Wa yake kai ki bayi?"

Iya ta kalli bango. Radiya ta fara neman hanyar ficewa.

"Rahama da 'yar'uwarta," in ji Iya a hankali. Rahama ita ce matar Alhaji Mubarak. "Ɗaya ta riƙe nan, ɗaya ta riƙe nan. Yarinyar da ko sunana ba ta faɗa, ko abinci ba ta ci a gabana, yau ita ke kwance mini zane. Ita tana kau da kai, ni ina kau da kai. 'Yar nan, in ban sha ba, ba na nema. Ƙishirwar ta fi mini sauƙi."

"To idan ke za ki kai kanki fa?"

"Da wace ƙafar?"

"Da ta daman. Tana nan, zaman banza kawai aka koya mata."

Iya ta harare ta. Radiya ta ce a ranar ta fara ganin alamar Iyar da ta sani.

Ke ce, Malama, kika yi tambayar da gida guda cike da masu ƙauna suka kasa yi, don kunyar da ta hana tsohuwa faɗa ita ce ta hana su tambaya. Ke ce kuma kika fito tsakar gida ba ki tona ta ba, kika ce wa matan kawai za a fara motsa jiki.

Abin da ya biyo baya ba shi da kyan gani a hoto. Aka kira kafinta ya yi kujera mai rami a tsakiya wadda za a ɗora kan masai. Aka kafa ƙusoshi a bango aka ja igiya mai kauri daga ƙofar ɗakin Iya zuwa bayi. Tela ya sa wa zannuwanta roba a ƙugu don hannu ɗaya ya iya da su. Aka rataye buta a dama. Radiya kuma aka sa ta koya wa Iya tashi daga bakin gado, da tsayuwa, da jan ƙafar hagu, a cikin ɗaki inda ba mai gani. Sharaɗin Iya ke nan. Sharaɗin Malama kuma shi ne duk tashi ɗaya sai an kurɓi ruwa. Iya takan kurɓa kamar mai shan maɗaci.

Alhaji Mubarak ya dawo daga ofis ya ga igiya, ya aika a kira masa Malama zaure.

"Malama, da girmanki. So kike a ce a garin nan mun bar mahaifiyarmu tana jan ƙafa a tsakar gida, mu da matanmu muna kallo?"

"Za a ce, Alhaji. Har a masallaci za a ce."

"To?"

"To in kun ci gaba da ɗaukarta, ba mai cewa komai. Ranar zaman makoki ma yabonku za a yi ta yi. Sai ka zaɓa."

Ya juya makullin mota a hannunsa. Bai ce ya yarda ba, amma bai sa an kwance igiyar ba, wanda a wajen babban ma'aikacin gwamnati kusan sa hannu ne.

Wata Alhamis da hantsi Iya ta ce yau za ta gwada. Malama ta ɗaura mata gyale a ƙugu ta riƙe bakinsa ta baya, saboda in faɗuwa ta zo da gaske. Matan gidan suka tsaya a ƙofofin ɗakunansu. Iya ta kama igiya ta fito. Tsakar gidan da ta yi shekaru tana ratsawa da faɗa a bakinta, yau taki ɗaya sai ta tsaya ta huta. Wajen rijiya ƙafar hagun ta maƙale a wani ɗan tudu, jikinta ya karkata. Radiya ta yi tsalle da hannu biyu a buɗe.

"Radiya. Hannu a baya."

"Malama, za ta faɗi!"

"Ina riƙe da ita. Hannu a baya."

Rahama ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Radiya ta mayar da hannuwanta baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, hawaye na zuba. Ta ce a duk karatunta ba ta taɓa yin abin da ya kai wannan wuya ba, kuma abin da ta yi ɗin shi ne ba ta yi komai ba. Iya ta ja numfashi, ta ambaci Allah, ta ɗaga ƙafar da ƙugunta ta tsallake. Da ta isa, Malama ta saki gyalen. Iya ta shiga ta ja ƙyauren kwano ta rufe da kanta.

Manyan mata da jikoki suna tsaye suna sauraron ƙofar bayi kamar masu jiran sanarwar ganin wata. Aka daɗe. Sannan aka ji ƙarar ruwan buta.

Iya ta fito zane a karkace, kallabi ya zame, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallo? Ba ku da aiki ne?" Ta juya wajen surukarta. "Ke, kawo mini ruwan randa. A babban kofi."

Ta shanye, ta miƙa a ƙaro.

Iya tana nan da ranta, ta koma yi wa gida faɗa, kuma Rahama ta ce ba ta taɓa zaton za ta yi marmarin faɗan ba. Radiya tana aiki a wani asibiti, ɗalibai na zuwa wajenta koyon aiki, an ce suna ganin tana da tsanani.

Malama Asama'u, uwar masu koyon tashi, mun gode. Wataƙila za a yi miki walima a sashe, a ba ki agogon bango, a karanta jawabin da aka karanta wa wanda ya riga ki da canjin suna. Ki karɓa da haƙuri. Godiyar gaske tana cikin gidajen da tsofaffi suke rufe ƙofa a bayansu da hannunsu, ko da ba su riƙe sunanki ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa, ya sa ɗalibanki su gaji taurin zuciyar nan taki.

Mu kuma masu tsofaffi a gida, mu ci gaba da biyayya, ba wanda ya hana. Amma kafin mu ruga mu ɗauke wa uwa abin da take ƙoƙarin yi, mu zauna kusa da ita mu tambaye ta wanne take so a bar mata.