Motoci a Ɗakin Inna

Daren jiya na yi wani mafarkin da har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba. Na san wasunku za su ce mummunan mafarki ba a ba da labarinsa. Na sani. Na yi tofi a hagu, na nemi tsari, na juya kwanciya, amma zuciyata ta ƙi kwantawa. Masu shirin cewa tuwo na cika wa cikina na kwanta kuma, don Allah ku wuce abinku, yau ba na jin wasa.

Bari in fara gaya muku yadda muke zaune, in ba haka ba ba za ku gane ba. Gidanmu da gidan mijina, babban titin da ya fita gari ne kawai ya raba su. Da can tsallakawa nake yi da kwanon tuwon Baba a hannu, in kai masa in dawo, ruwan da na ɗora bai ma tafasa ba. Tun rasuwar Inna ba ya cin tuwon kowa sai nawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ido ya yi masa rauni, kunne ma sai an ɗaga murya, kuma yininsa duk a kan dakalin ƙofar gida yake yi, shi da carbinsa da butarsa.

Sai aka zo da aikin faɗaɗa titi. Aka ja katangar siminti a tsakiya, aka ce za a yi mana gadar masu ƙafa, har yau ko ramin ginshiƙinta ban gani ba. Yanzu in zan kai tuwo sai na hau ɗan sahu, mu tafi can wajen gidan mai mu yi kwana, sannan mu dawo. Wannan duk na haƙura. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne Asabar da Lahadi, da suke rufe titin gaba ɗaya su karkatar da motoci ta lungun gidanmu. Lungun da in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. Kuma wa ya nuna musu hanyar? Yaya Sabo, wana uwa ɗaya uba ɗaya. An ba shi riga mai ƙyalli da jan ƙyalle a bakin sanda, ya zama mai ba motoci hannu, shi ne ya ja ma'aikatan titin masu hular kwano ya zagaya da su har ƙofar gidan ubansa. Makon jiya wata tifa ta gutsure gefen dakalin, Baba yana zaune a kai.

Na roƙi Baba ya riƙa yin ƙarshen mako a gidana. Mijina ma ya je da kansa ya durƙusa, ya ce ɗakin soro yana nan a share. Baba ya ce shi bai taɓa jin inda namiji ya naɗe buzunsa ya tare a gidan suruki ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Na yi magiya, na yi kuka, na yi fushi. Ko gezau.

To a mafarkin rana ce tsaka. Ga ni a bakin titi da kwanon tuwo, na naɗe shi da ɗankwali saboda zafi. Babu mota ko ɗaya, an jera ganguna an ja igiya. Ina hango darbejiyar ƙofar gidanmu kamar kullum, kuma katangar simintin nan babu ita. Na ce yau kam Allah ya kawo sauƙi, na ɗaga igiyar na sa ƙafa. Sai kawai titin ya fara buɗewa. Ina tafiya yana ƙara faɗi, kwalta tana fitowa daga ƙarƙashin ƙafata tana miƙewa gaba, da ɗuminta da warinta. Na ƙara sauri, ita ma ta ƙara. Darbejiyar ta yi ta ƙanƙancewa har na daina ganinta.

Wani mutum ya sha gabana. Hular kwanonsa ta sauko har kan hanci, ban ga idonsa ba. Na ce, "Malam, gidanmu zan je, nan tsallake ne." Ya nuna hagu da jan ƙyalle ya ce, "An rufe. Bi ta baya." Na ce ta bayan ina? Ya sake cewa, "Bi ta baya." Muryarsa ba hawa ba sauka, kamar wanda aka ɗora wa karatu. Ni a farke ban iya zagi ba, duk wanda ya san ni zai shaida, amma a mafarkin nan na wanke mutumin nan tas. Ko a jikinsa.

Sai kawai na gan ni cikin layin motoci, ni kaɗai ce a ƙafa. Gabana tankar mai, bayana tirelar shanu, ni a tsakiya da kwanona. In aka matsa in matsa, in aka tsaya in tsaya, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba, haushi kawai nake ji. Na bayana yana ta danna mini hon. Shanun sun zuro kawuna suna kallon kwanon. Muka bi ta bayan Islamiyyar da na yi ina yarinya, muka bi ta wata kasuwa da ban taɓa gani ba, kowace rumfa ganguna ake sayarwa. Muka wuce rijiyar unguwa da aka cike tun kafin aurena, ga ta a buɗe, mata suna jan ruwa. Na yi musu sallama, ba wadda ta amsa. Kowace kwana muka zo akwai mai jan ƙyalle a tsaye, kuma duk mutumin nan ne na farko.

Direban tankar ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, in ba ki da fitila ki sauka daga hanya." Rana tsaka fa. Na ce, "Hanyar gadonka ce? A lungun nan aka yanke mini cibiya!" Ya ɗaga gilashinsa ya ƙyale ni.

Ashe kuwa lungunmu ne. Ina ɗaga ido sai kawai layin ya karya kwana ya shiga soron gidanmu. Tankar nan da duk girmanta ta shige ta ƙofar da mu ma sai mun sunkuya, ko bango ba ta goga ba. Na bi ta a baya. Tsakar gidanmu an malala kwalta, an ja farin layi tun daga murhu har ƙofar ɗakin Inna. Ɗakin da tun rasuwarta Baba ya hana kowa kwana a ciki, ni kaɗai nake buɗewa in share. Motoci suna shiga ta ƙofar suna fita ta bangon baya. Labulenta yana nan a rataye, kowace mota ta zo sai ta ɗaga shi da goshinta ta wuce. Wani direba ya tsaya ya sauko, ya ɗauki moɗa ya sha ruwan randarmu, ya watsar da saura, ya kaki majina ya tofar a bakin murhu, ya koma motarsa. Ko sallama babu. A nan ne raina ya gama ɓaci.

Can na hango Yaya Sabo. An kife turmin Inna, ya hau kai ya tsaya, yana kaɗa jan ƙyalle yana busa usur, rigar nan tasa tana ta ƙyalli. Na ce, "Yaya Sabo! Ɗakin Inna ne fa!" Bai kalle ni ba. Ya ce, "Na Asabar da Lahadi ne kawai." Wallahi abin da yake gaya mini ke nan a farke duk sanda na yi magana, da irin muryar nan ta wanda bai ɗauke ka a bakin komai ba. Na ce, "Ina Baba?" Ya busa usur ya ba wata tifa hannu. Na ɗaga kwanon zan rotsa masa kai da shi, sai na tuna tuwon Baba ne, na fasa. Na dai ce masa Allah ya isa, na maimaita, amma ƙarar injin ta cinye maganar.

Na juya zan fita waje in duba dakali, sai na tarar an jera ganguna a bakin soro. Mai hular kwano yana tsaye. Ya ce, "Shiga kawai ake yi ta nan. Bi ta baya." A gidan ubana! Babu yadda na iya, na shiga layi na bi motoci cikin ɗakin Inna. Ciki duhu, ƙamshin turarenta yana nan ya gauraye da hayaƙin gas. Jeren kwanoninta suna ta karkarwa a bango, ba wanda ya faɗo. Daga wajen gado na ji wata murya ta ce, "Tuwon ya huce." Na ce, "Inna?" Na bayana ya danna hon, na wuce ta bangon.

Sai kawai na gan ni a ƙofar gidan mijina, daidai inda na faro. Duk wahalar nan a banza. Titin yana gabana, sabo fil, baƙi wuluk, a rufe, ba kowa a kai. Katangar simintin ta dawo tsakiya. Wannan karon kuma ina ganin tsallake tar, kamar an matso mini da shi. Ga Baba a kan dakali yana jan carbi. Motoci suna fitowa daga lungu suna bi ta gabansa, kowacce ta wuce sai ta gutsuri dakalin ta tafi da shi. Yana ta raguwa, yana ta raguwa, har ya rage iya inda Baba yake zaune. Wata tirela ta taka butarsa, ruwan ya fantsama a ƙafarsa, bai ko motsa ba.

Na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Baba! Ka taso! Don Allah ka taho gidana!"

Mutumin da sai an kai baki kusa da kunnensa, sai ga shi ya ɗago kai. Ya ce, "Uwata, ke ce?" Na ji shi sarai kamar a gefena yake. Na ce ni ce, ka taho, ka taho. Ya sa carbinsa a aljihu. Sannan ya ce, "To. Tunda kin matsa, ga ni nan."

Ya naɗe buzunsa ya saɓa a kafaɗa, ya laluba sandarsa, ya sauko. Ya duba hagu da dama, ba don mota ba, don kada wani ɗan unguwa ya gan shi. Sannan ya sa ƙafa a kwalta. Tun da mafarkin ya fara, a nan ne kawai na ji daɗi. Har na fara dariya ina cewa sannu Baba, a hankali Baba.

Sai na ji usur.

Na waiga. Yaya Sabo da masu hular kwano suna mirgine ganguna gefe. Muryar nan da ba ta hawa ba ta sauka ta ce, "An buɗe." Can saman titi duk motocin da suka bi ta cikin gidanmu sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun cika faɗin titin, tankar nan a gaba. Baba kuwa ya iso tsakiya, ya ci karo da katangar. Ya tsaya. Ya fara ƙwanƙwasa ta da sanda, yana matsawa gefe kaɗan kaɗan yana neman ƙofa. Ni na san babu ƙofa. Na ce, "Baba, koma! Koma!" Yanzu kuma ba ya ji. Na yunƙura zan ruga, ƙafafuna sun nutse a kwalta har idon sawu. Ƙasa ta fara rawa. Shi dai yana ta ƙwanƙwasa siminti a hankali, ya ɗago fuska wajen da yake zaton ina tsaye, ya ce, "Uwata, ta ina ake shiga?"

A nan na farka, ana kiran assalatu. Hannayena biyu a ƙirji kamar har lokacin ina riƙe da kwanon, wuyana sharkaf da gumi. Maigidana ya ce lafiya, na tashi na ɗauki buta.

Yau Juma'a. Gobe war haka an jera ganguna, motoci sun koma lungunmu, Yaya Sabo ya sa rigarsa. Da ma niyyata in an sauko daga masallaci in je in zauna a gaban Baba, in ce masa ƙafata ƙafarsa, ba zan tashi ba sai ya yarda. Kuma na san in na kafe zai iya yarda, don bai saba ganin hawayena ya daure har ƙarshe ba. Amma na san halin ubana. In ya yarda, ba zai bari a zo da mota a ɗauke shi zuwa gidan suruki mutanen unguwa suna kallo ba. Cewa zai yi in tafi, zai zo. Sannan ya sulale shi kaɗai lokacin da ba kowa, ta hanyar da ƙafarsa ta sani tun kafin a gina katangar nan.

Don haka masu sanin fassara, don girman Allah ku taimake ni kafin la'asar. Ban tambaye ku ma'anar shanu ko rijiya ba, ku riƙe wannan. Abu ɗaya nake so in sani. Mafarkin nan cewa yake yi in je in taso da Baba daga kan dakalin nan, ko cewa yake yi in kama bakina kada in sake kiransa?