Waƙar Kefas ta Biyu

A Zuru ba a jera waƙoƙi daga ta ɗaya zuwa ta goma kamar yadda gidajen rediyon manyan birane suke yi. Abin da ake da shi kawai shi ne lasifikar Okechukwu, mai shagon kaset a bakin tasha. Duk waƙar da ya saka ranar kasuwa tun hantsi har la'asar, masu kabu-kabu ba su ce ya canza ba, to ita ce kan gaba. Kefas mutumin ƙauyen Manga ya taɓa riƙe lasifikar nan wata biyar cur, a shekarar 1990. Daga nan kuma sai aka ji shiru.

Waƙar tasa a gona aka haife ta. Al'adar Lelna, ƙabilar su Kefas, ita ce saurayi ya yi golmo, wato shi da abokansa su yi wa iyayen yarinyar da yake nema noma na wasu shekaru kafin a ba shi ita. Kefas ya yi wa mahaifin Keziah shekara bakwai. A damina ta shida, suna tsakar huɗa, wani baiti ya faɗo masa a baki, abokansa suka amsa, garma tana sauka daidai inda amshin yake faɗuwa. Baitocin da C'lela suke, yaren Lelna, amshin da Hausa: saura damina ɗaya. Wani malamin makaranta ya ɗauka da rikoda, Okechukwu ya buga kaset, sojojin Zuru da suka zo hutu suka tafi da shi barikokin Kaduna da Jos.

Da aka ba shi Keziah, Kefas ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa shi mawaƙi ne. Mawaƙi kuwa ba ya huɗa. Ya rataye garma a rumbun wansa, ya komo cikin gari, ya sayi gita da baƙin tabarau da wata kwat ja wadda ko a watan Maris ba ya tuɓe ta. Cikin shekara goma sha huɗu ya fitar da kaset tara. Akwai na yabon Ubangiji, akwai na soyayya, akwai wanda ya yi gargaɗi kan shan burkutu, wanda masu shan ma ba su damu su ji haushinsa ba. Muryarsa ba ta lalace ba, kuma ba wanda ya ce waƙoƙin ba su da daɗi. Ba a dai rera su ne.

Keken ɗinkin Keziah shi ya riƙe gidan, shi ya kai 'yarsu Goodness sakandare. Kefas yana koyar da ƙungiyar mawaƙa a coci, yana zuwa biki idan an kira shi. A kowane biki sai ya fara da sabuwar waƙa, mutane su saurara cikin ladabi suna cin shinkafa, can wani ya ɗaga hannu ya ce a yi musu ta golmo. A bayan idonsa ana ce masa Mai Waƙa Ɗaya, kuma ya sani. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Burinsa bai wuce ya ji wata waƙar tasa a bakin mutumin da bai san yana kusa ba.

A 2005 wani matashi mai suna Prosper ya buɗe ɗakin ɗaukar waƙa da kwamfuta da piyano mai kiɗa da kanta. Kefas ya yi na goma a can, wannan karon a faifai. Okechukwu ya saka ranar kasuwa saboda tsohuwar amana. Ba a yi rabin awa ba wani mai kabu-kabu ya leƙo shagon.

"Oga, don Allah sa mana wani abu."

Okechukwu ya dubi Kefas, wanda ke zaune a benci da tabaransa. "Oga Kefas, ka yi haƙuri. Kasuwa ne."

Da ya koma gida ya tarar da Keziah tana ɗinka rigar makaranta. Ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, don ta gani a tafiyarsa.

"Baban Goodness, in faɗa maka wani abu?"

"Faɗi."

"Waccan waƙar a duƙe ka yi ta. Waɗannan duk a zaune ka yi su. Na gwada taka keke da su, na gwada daka da su, ba wadda ta bi hannu. Mutanenmu ba su zama don su ji waƙa, aiki suke yi da ita."

Kwana uku bai yi mata magana ba, ban da gaisuwa. Shekara goma sha huɗu tana da wannan magana a ciki, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne bai sami inda zai ƙaryata ta ba.

Da ruwa ya sauka a 2006, Joel ɗan wansa yana shekara ta shida a nasa golmon. Ranar da za su fara huɗa sai ga Kefas a bakin gona, ba kwat ba tabarau, da tsohuwar garmarsa an yi mata sabuwar ƙota. Samarin suka tsaya suna kallonsa. Magidanci mai furfura ba ya shiga layin golmo, nasa ya wuce.

"Baba, lafiya?" in ji Joel.

"Taya ka na zo yi."

"Baba, mu goma sha biyu ne. Mun isa."

"To kun zama sha uku."

Shekararsa arba'in da huɗu, tafin hannunsa kuma ya yi laushi irin na mai riƙe gita. Kafin azahar tafin ya yi bororo, kafin mako ya fashe. Samarin sukan kai ƙarshen kunya su juyo, shi yana tsakiyar tasa. Suna rera waƙoƙinsu masu sauri, har da tasa ta dā, wadda yanzu ta fi ƙarfin numfashinsa. Ya yi Yuni, ya yi Yuli, duk ranar da aka fita yana nan a baya, ba baiti ko ɗaya. A gari aka fara cewa abin ya taɓa masa kai.

Ranar wata Talata a watan Agusta, an bar shi baya da nisa, ya ɗaga murya don ya roƙe su su rage sauri. Numfashin da ya rage masa tsakanin sara da sara bai wuce na kalma huɗu ba. Ku jira na baya. Ya sara, ya sake faɗa. Matan da suka kawo abinci suna gindin ɗorawa, suka kwashe da dariya, sai ɗaya daga cikinsu ta amsa masa don tsokana, sauran suka bi. Ya ƙara baiti a kan gwiwa, ya ƙara a kan furfura, ya ƙara a kan abokan golmonsa da suka shiga soja ba su dawo ba. A nan dariyar ta tsaya, amshin bai tsaya ba. Samarin da kansu suka rage hannu don garmarsu ta sauka tare da tasa.

Waƙar ta riga faifai fita. Tafiyarta a hankali take, daidai da hannun dattijo da na mace mai goyo, kuma su ne suka fi yawa a gonakin ƙasar. Kafin a yanke dawa ana daka da ita a Mahuta, ana buga bulo da ita a Dirin Daji. Prosper ya so ya sa mata piyano ya ƙara mata sauri, Kefas ya ƙi, aka ɗauke ta a bakin gona da ƙarar garma. Lasifikar Okechukwu ta riƙe ta tun Oktoba har bayan Ista. Wata rana a layin injin niƙa Kefas ya ji wata tsohuwa da ba ta san shi ba tana rera ta ƙasa-ƙasa, tana ma kuskuren baiti na biyu. Bai gyara mata ba. Ya yi murna irin wadda bai yi ba tun ranar aurensa.

Sai dai tun huɗar ƙarshe wani abu ya motsa a ƙugunsa. Ya daure har aka gama ɗaukar waƙa, daga baya ta kai ko takalmi Keziah ke sa masa. Likita ya duba hoton ƙashin bayansa, ya ce zai yi tafiya, zai yi waƙa, amma shi da duƙawa da garma har abada.

Okechukwu bai san wannan ba. "Oga Kefas, waƙa ta uku fa? Kar ka sa mu jira shekara sha shida kuma."

"Tana hanya," in ji Kefas.

Daminar 2007 ita ce ta ƙarshe a golmon Joel. Kefas ya hau kabu-kabu zuwa Manga da sanda da 'yar kujera, ya zauna a bakin gona. Ya riƙa buga sandar a ƙasa daidai da saran samarin, ko wani abu zai zo. Ya yi haka har rana ta take, ba abin da ya zo. Ya ce Joel ya miƙo masa garma. Ya riƙe ta, ya sunkuya kamar taƙi ɗaya, ya tsaya a haka, gumi yana keto masa. Joel ya zare garmar daga hannunsa a hankali, ya mai da shi kan kujera, ya koma layinsa.

Da yamma Keziah ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida, ta fito ta kama shi ya sauka.

"Ka samo?" ta ce.

"A'a." Ya dafa kafaɗarta, suka nufi ciki. "Na san inda take, Maman Goodness. Zuwa ne ba zan iya ba."