Kunnen Baba Mai Tagulla

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tantance ƙarafa a masana'antar narka tagulla. A bakin ƙofa yake zama. In mota ta sauke tsofaffin famfuna, sai ya ɗauki guda, ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma, ya karkata kai. Tagulla mai kyau tana jan ƙara, wadda dalma ta yi wa yawa kuwa nan take muryarta ke mutuwa. Ma'aikata kan tsokane shi wai da kunne yake cin abinci.

Abin da ba su sani ba, kunnensa na dama ya daɗe da tafiya, na hagun ma ya fara bin sahu. Ko matarsa bai faɗa wa ba. Launi kawai yake kallo yana kintace.

Wata rana kayan da aka ƙera suka fito duk a tsattsage. Manaja ya nemi dalili. Baba ya ce mai kula da tanderu ne ya cika wuta. Aka dakatar da mutumin.

Bayan mako biyu aka kawo wata na'urar hannu mai haska ƙarfe, allonta ya nuna abin da ke cikinsa. 'Yar Baba ta fari, wadda ke aiki a ɗakin gwaji, ita aka ba wa. A gaban kowa ta haska tarin da uban ya ce mai kyau ne. Dalma ce jibge. Ta sake haskawa, allon ya nuna haka dai.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa manaja, "ina ga na'urar ce ba ta daidaita ba."

Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ke, kar ki yi ƙarya saboda ni," ya ce. "Na'urarki lafiyarta ƙalau. Ni ne ba na ji. Mai tanderu ba shi da laifi."

Washegari ya je gidan mutumin, ya tsaya a ƙofa, hula a hannu. Mai tanderu ya saurare shi har ƙarshe.

"Na yafe, Baba. Amma 'ya'yana sun ji an ce ubansu bai iya aiki ba. Shigo ka faɗa musu da bakinka."

Ya shiga ya faɗa, kansa a sunkuye.

An mayar da mutumin bakin aikinsa. Baba ya ajiye nasa a ƙarshen watan. Har yau in hanya ta biyo da shi ta gaban masana'antar, sai ya tsallaka ɗaya gefen titin.