Ƙuri'ar Marimbarmu

Don Eleuterio Nucamendi bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci yatsunsa na kaɗa bayan benci, sai matarsa Doña Remedios ta zungure shi. Shekara talatin da ɗaya muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, mu huɗu a bayan marimba ɗaya, abin kiɗan nan mai jerin katakai da ake bugawa da sanduna, a dandalin garin Chiapa de Corzo a ƙasar Meziko. Shi ke riƙe da gefen manyan katakai masu kaurin murya, ni ina dab da shi. Ranar da mura ta kwantar da shi, kiɗanmu ya zama miya ba gishiri.

Da kwamitin ƙungiyar makaɗa ya bai wa matasa masu lasifika yammacin Lahadi, ya tura mu tsofaffi tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya ratsa dandali, sai Eleuterio ya ce zai tsaya takarar shiga kwamitin.

"Kai da ko abinci a tsaye kake ci, zaman taro za ka iya?" in ji Doña Remedios.

"A tsaye zan yi taron," ya ce.

Wata guda bai huta ba, mu ma bai bar mu mun huta ba. Yau yana gidan wannan makaɗi, gobe gidan wancan, ya sha kunun masara da koko har cikinsa ya fara ƙara. Ya rame, hularsa ma ta yi masa yawa.

Ƙungiyarmu na da dokoki biyu. Marimba ɗaya, ƙuri'a ɗaya, kuma tamu a hannuna take. Ta biyun ce ta hana ni sukuni: wanda ya shiga kwamiti sai ya ajiye sandunan kiɗa shekara uku, don kada ya zaɓa wa kansa lokaci mai kyau. Eleuterio na da shekara saba'in da biyu. Na faɗa masa.

"Aboki, wa zai tsaya a gefenka?"

"Ku nemo wani. Masu hannu sun ƙare a garin nan ne?"

Wallahi maganar ta yi mini ciwo.

Ranar zaɓe aka cika zauren ƙungiya, ga zafi, ga fanka ɗaya. Abokin takararsa wani matashi ne, Fito. Kowa ya rubuta suna a takarda ya jefa a hula. Eleuterio na bayana yana ta kai da komo. Da aka ƙirga, Fito ashirin da uku, shi ashirin da biyu. Ya miƙa wa Fito hannu, ya fita bai kula kowa ba.

Lahadi da tsakar rana muka kafa marimba. Ba kowa sai tantabaru da wata mai sayar da mangwaro. Ya zo, ya zaro sandunansa, bai dube ni ba.

"Sunana da tsawo," ya ce. "Kafaɗarka kuwa sau huɗu ta motsa da kake rubutu, daidai haruffan sunan Fito. Shekara talatin ina karanta kafaɗar nan, Casimiro."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Ba zan iya kiɗa in babu kai ba."

"Shi ya sa ka bar mu a rana, mu da duk tsofaffin garin."

Ya share gumi da hannun riga.

"Matsa," ya ce. "Ka shigo gefena."

Na matsa, muka fara kaɗa wa tantabaru.