Sunan da Kande Ba Ta Faɗa

Duk mai hawa motar Abuja daga Madalla ya san Kande mai masa. Shekara goma sha tara ke nan tana sammako daga unguwar Wambai ta kafa tandarta a bakin titi. Ni kuma teburin lemona na dab da ita, don haka na san ta ciki da bai. Mace ce mai baki. Direba ya kuskura ya bulbula mata hayaƙi, sai ta wanke shi tas. Abu ɗaya bakin nan bai taɓa furtawa ba, shi ne sunan ɗanta na fari, Hashim. Kunya ce irin ta mutanen da. "Yaron nan" take ce masa, ko yana tsaye a gabanta.

To, Hashim ya shiga gasar waƙa ta talabijin, har ya kai cikin biyar ɗin ƙarshe. Ranar Asabar da la'asar muka cika shagon Adeola mai sayar da waya muna kallo kai tsaye. Da ya fito, Kande ta juya baya, wai ɗankwali take gyarawa. Ya rera har tsigar jikina ta tashi. Sai mai gabatarwa ya ce kowa ya tura sunan gwaninsa ta saƙon waya kafin azahar ɗin Litinin, wanda ƙuri'arsa ta gaza ya koma gida.

Daga nan Kande ta rasa sukuni. Ranar Lahadi sau uku masa na ƙonewa. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa titi, ta dawo. Litinin da sassafe ta bar tanda ta shiga bin motoci taga-taga.

"Bayin Allah, ku zaɓi yaron nan!"

"Wane yaro, Mama?"

"Dogon nan, mai hula."

Uku cikin biyar ɗin da hula suke fitowa. Haushi ya kama ni, na ce, "Yaya Kande, kawo in faɗi sunan a madadinki." Na faɗa a mota biyu, ko ɗago kai ba a yi ba. Wa ya san ni? Masarta suke ci, ita za su ji.

Adeola ta leƙo daga shago. "Mama, abeg, don Allah faɗi suna! Lokaci yana tafiya fa!"

Wajen ƙarfe tara wata doguwar mota ta tsaya cike da ma'aikata. Kande ta kama ƙofa, ta buɗe baki, ta rufe. Direba ya sa giya. Sai ta runtse ido.

"Hashim! Hashim ne sunansa. Ni na haife shi."

Nan take wayoyi suka fito daga aljihu da jaka.

Ko ƙuri'un motar nan ne suka tsallakar da shi, Allah masani, amma ya tsallake. Ni dai yadda ta dawo ne ba na mantawa. Ta kasa juya masar da ke tanda, tausayinta ya cika ni. Na karɓi cokalin. Ba ta dube ni ba ta ce, "Don Allah kada ki gaya masa."